Haula Abarci da Shanun Ma'u

Ƙarfe bakwai da rabi Haula Abarci take buɗe buro, wato ofis. Takan kunna ordinatar, na'urar aikinta, in kuran na lantarki ya ga dama, ta jawo bayanan da masu ƙidayar dabbobi suka turo ta salula daga Tagriss da Korahane. Shekararta tara ke nan a wani furoje, shirin tallafa wa makiyaya, a nan Dakoro. Ba a taɓa ɗaukar hotonta ba, don ba ita ke yanka ƙyalle ranar buɗe rijiya ba.

Bayanan kan zo ne wani cikin wani. Ruga, cikinta gidaje, kowane gida da garkensa, cikin garken kuma kowace saniya da mai ita: ta maigida, ta sadakin matarsa, da ta habbanaye, wadda aka ba shi riƙo har ta haihu. Aikin Haula shi ne ta rubuta wa na'ura ƙa'idar da za ta bi ta nutsa har ƙasa, ta ɗauko kowane bayani ta ajiye shi a gurbinsa.

Bara ciyawa ta ƙare da wuri, aka ce za a raba dusa. Masana daga Yamai suka aiko da sabon tsari mai gurbi biyu kacal: sunan mai garke, da yawan dabbobinsa. Tsari tsaf, irin wanda ake ƙerawa a ɗaki mai sanyi.

Gwajin farko, shanu uku na Ma'u, wata mata a Korahane da mijinta ya rasu, suka koma na ƙanin mijin, Jimrau, don a garkensa suke kiwo. Dusarsu ma hannunsa za ta shiga.

Da Haula ta kai maganar gaban Shef, shugaban furojen, sai ya ce, "Madam Haula, ɗauki sunan da ke sama kawai. Jibi ake son jerin sunayen."

"Shef, sunan da ke sama ba shi da saniyar."

"Ai dangi ne, za su daidaita."

"Da dangi na daidaitawa, da alƙali ya daɗe da komawa tallan goro."

Ta ƙi. Ta ƙara gurbin mai saniya, ta sake rubuta ƙa'idar, ta tace ruga ɗari huɗu ɗaya bayan ɗaya. Jerin ya makara da kwana goma sha ɗaya. Aka ba ta takardar gargaɗi, da Faransanci mai kyau.

Haula, ke ce kafaffiya, mai bin saniya har gindin mai ita. Waɗanda suka halarci rabon sun ce sai da aka kira Ma'u sau uku kafin ta amsa. Ba ta zaci da ita ake ba. Ta ɗaure buhunanta a amalanke, Jimrau na kallo.

Ƙarshen watan nan kwangilarki za ta ƙare, kuma an ce furoje na neman masu sauri. Allah ya ba su.

Mun gode, Haula. Wanda zai gaji kujerarki, da duk mai zama gaban na'ura a garin nan, ya koyi makara irin taki. Biyu cikin shanun Ma'u sun ga damina. Ta ukun ta mutu, amma tana ta Ma'u ta mutu.