Sale Mai Awo da Firjin Goggo

Sale ya shekara talatin yana awon riɗi da dawa a kasuwar Gadarif. Kallo ɗaya zai yi wa buhu ya faɗi nauyinsa, sikeli ya zo ya gaskata shi. Baiwar nan ta hau masa kai, har ya ɗauka babu abin da idonsa ba zai auna ba.

Da aka kafa masa mitar da sai ka sayi wuta take ba ka, sai ya ga wutar wata guda tana ƙarewa a kwana ashirin. Ya zagaya gidan yana awo irin na kasuwa, wai abin da ya fi girma shi ya fi ci. Fanka ta tsira, rediyo ya tsira. Ɗan rishon lantarkin da yake dafa shayinsa sau biyar a rana kuwa, ko kallo bai ishe shi ba. Hukunci ya faɗa kan tsohon firjin Goggo Atika, ƙanwar mahaifinsa da ta rene shi.

A firjin nan take sanyaya ruwa. Lokacin yankan riɗi, leburori masu jiran motar gona sukan tsaya a ƙofar gida su sha, su sa mata albarka. Sadakarta ke nan, kuma hirarta ke nan. Sale ya sayar wa wani mutumin garin Fau da firjin. Goggo ta naɗe tabarmarta ta koma ɗaki.

Wuta dai ba ta fasa ƙarewa ba. Jibril mai gyaran lantarki ya juya rishon, ya karanta rubutun gindinsa, ya ce abin da yake sha a awa ɗaya, firjin sai ya wuni bai sha ba. Kunya ta rufe Sale. Ya ƙudura zai sayo wa Goggo wani firjin bayan kaka, sannan ya faɗa mata gaskiya, don faɗar ta hannu rabbana ta yi masa nauyi.

Kafin kaka ta wuce ciwo ya kwantar da Goggo. Ta sa aka kira shi, ɗakin cike da 'yan dubiya.

"Ya waladi, ɗana," ta ce, "ka yafe mini. Shekara da shekaru ina cinye maka wuta, wallahi ban sani ba."

Sale ya buɗe baki, ya dubi matan da ke zaune suna jiran amsarsa.

"Na yafe, Goggo."

Ranar Laraba ta rasu. Maganar ƙarshe da ya yi mata ke nan, kuma har yau tana cin ransa.