Lemon Mai Dashe a Bayan Shinge

Matar da unguwarmu ke kira Mai Dashe tsohuwar ɗalibata ce. Na koyar da ita a aji biyar da aji shida, kuma tun a wancan lokaci aljihun rigarta ba ya rabuwa da ƙwallon mangwaro ko irin wani abin da ni kaina ban san sunansa ba. Yanzu ta haura shekara hamsin, tana da jikoki biyu, sana'arta kuwa rainon itatuwa ce. Ta yi shekara ashirin tana hayar wani fili a bayan shagon masu facin taya, inda take jera baƙaƙen ledoji cike da ƙasa, kowace da tsironta.

Abin da ta fi gwanancewa a kai shi ne yi wa itace aure. Takan yanko ɗan reshe daga bishiya mai daɗin 'ya'ya, ta tsaga ƙaramin dashe mai ƙarfin saiwa, ta cusa reshen a ciki, ta ɗaure, sai su haɗe su zama itace ɗaya. A gidan mahaifinta akwai wata bishiyar lemon zaƙi mai siririn ɓawo, wadda ba a taɓa samun irinta a kasuwa ba. Da aka zo faɗaɗa hanya, aka ce za a sare ta. Ana gobe za a sare, Mai Dashe ta hau tsani ta yanko rassa, ta yi aure ɗari da arba'in. Ɗari da ashirin suka kama. Shekara ɗaya da rabi tana rainonsu, kuma ban da su babu sauran jinin wannan bishiya a duniya.

Sai mai filin ya ce zai yi gini. Ta sami wani fili a ɗaya gefen gari, kuma ranar Talata da safe ita da ƙaninta Auta suka loda lemon nan duka a bayan tsohuwar motarta mai buɗaɗɗen baya. Auta shi ne direbanta. Shekararsa arba'in da uku, mutum ne mai fara'a da saurin hannu, sai dai yana da abokai waɗanda ba sa gaisawa da baƙo sai da kwalba. Tafiyar ta minti arba'in ce. Ita ta tsaya cire sandunan rumfa, shi ya tafi.

Wajen ƙarfe huɗu na yamma 'yan sanda suka kira ta a waya. Auta ya biya ta wurin abokan nasa, ya yi mankas, ya fito ya hau da motar kan shataletale, ya tsaya cak a tsakiyar furannin hukuma. Da aka tambaye shi, sai ya ce nan aka aiko shi ya sauke kaya. Allah ya kiyaye, bai taɓa kowa ba. Aka ba shi na'urar gwajin barasa ya hura, aka tafi da shi, ita kuma motar aka ja ta zuwa filin ajiye motocin da aka kama.

Ranar Laraba da sassafe ta buga mini ƙofa, domin tun da na bar aiki ni nake cike wa mutanen layinmu fom.

"Malam, ɗauko alƙalaminka," ta ce. "Auta ya kai 'ya'yana kurkuku."

Muka fara da ofishin 'yan sanda, ta yi belinsa. An karɓe masa lasin, an sa masa ranar zuwa kotu. Ya fito yana kare idonsa daga rana, ya durƙusa tun kafin ya iso gabanta.

"Yaya, wallahi kofi ɗaya ne."

"Kofin bokiti ne? Tashi, kada ka tara mini jama'a." Sannan muryarta ta sauka. "Lokacin da ka hau shataletalen nan, lokacin tashin makaranta ne. Ka sani? Da ɗan wani ka taka, ba ni za ka durƙusa wa ba."

Har muka isa filin motocin bai ɗago kai ba.

Filin babba ne, an kewaye shi da shingen waya. Motoci sun yi layi, wasu tayoyinsu sun sace, wasu ciyawa ta fito ta ƙarƙashinsu. A bakin ƙofa akwai ɗan ofishi mai taga ɗaya da fanka mai ƙara, kuma a ciki wani dattijon jami'i yake zaune, tarin makullai rataye a bango bayansa, kowane da lambarsa. Ya saurare mu da haƙuri, sannan ya lissafa abin da ake bukata: takardar 'yan sanda, katin shaidar mai mota, inshora, takardar mallaka ta asali, da direba mai lasin wanda yake cikin hayyacinsa. Da ya zo kan na ƙarshen, sai ya dubi Auta ta saman tabarau.

Komai yana hannunta, ban da takardar mallaka. Kwafi ne kawai da ita.

"Kwafi ba ya fitar da mota, Hajiya."

"To, ku riƙe motar, ranka ya daɗe. Ku ba ni kayan da ke bayanta."

"Abin da ya shigo da mota, da mota yake fita. An rubuta shi." Ya juyo mana da littafin. An rubuta: tsirrai, da yawa.

"Bari in shiga in ba su ruwa kawai."

"Ba a shiga."

Ta nuna masa motar ta cikin wayar shinge. Ko daga nesa ana ganin ganyayen sun sunkuya. "Tun jiya da safe rabonsu da ruwa. Ledar baƙa ce, bayan motar ƙarfe ne, ga rana. In suka kai gobe da yamma a haka, saiwarsu ta dahu."

Jami'in ya tausaya, na ga hakan a fuskarsa, amma ya girgiza kai. Mai Dashe ba ta yi masa gardama ba. Ta zagaya shingen a ƙafa, muna biye da ita, har ta gano cewa an ajiye motar taku huɗu kacal daga wayar baya, inda wani ɗan lungu ya wuce. Ta dawo taga.

"Lungun da ke bayan shingen nan, na ofishinku ne?"

"Na jama'a ne."

"Madalla."

Cikin sa'a ɗaya ta je ta ɗauko injin feshinta na goyo, ta wanke shi tas, ta ɗora wa Auta a baya. Famfo mafi kusa yana wurin masu wankin mota, can ƙarshen titi. Haka Auta ya yi ta kai da kawowa da ciwon kansa, ya cika, ya dawo, ya tsaya a lungu yana buga hannun injin, ruwa yana tsallake waya yana sauka a kan lemo. Masu wankin mota suka bar aikinsu suka zo kallo.

"Auta, yau kuma ruwa ake sha?" in ji ɗaya daga cikinsu.

"Ku bar shi," ta ce, "yau ce rana ta farko da ya san amfaninsa."

A zagaye na biyar sai ga jami'in ya fito, hannayensa a baya. Muka zaci korar mu zai yi. Ya tsaya daga ciki ya dubi ruwan, ya dubi motar, sannan ya ce wa Auta, "Ɗaga bakin sama kaɗan. Na kusurwa ba su samu ba." Ya juya ya koma ofis.

Amma duk yadda aka ɗaga, ruwan bai kai ga layukan da ke jingine da kan motar ba. Dole dai a nemo takarda.

A hanyar gida na tambaye ta inda ta saba ajiye muhimman takardu. Sai ta tsaya, ta dafe kai, ta yi salati.

"Malam, na naɗe iri da ita."

Ga yadda abin yake. Masu wannan sana'a suna shanya iri, su naɗe shi a takarda, domin a leda yakan yi gumi ya ruɓe. Mai Dashe kuwa ta yi imani cewa takarda mai kauri ta fi kare iri daga danshi, kuma a duk gidanta babu takardun da suka kai na hukuma kauri. Idan iri ya bushe, hannunta yakan kai ga wadda ta fi kusa. Ta tuna sarai cewa ta taɓa yaba wa kaurin wata takarda mai tambari. Abin da ba ta tuna ba shi ne irin da ta zuba a ciki.

Ɗakin ajiyarta ƙarami ne, da katako uku a bango, kuma a kansu gwangwanayen madara talatin da huɗu, kowane cike da ƙulle-ƙullen takarda. Na kira mai ɗakina ta taya mu. Muka shimfiɗa tabarma, Mai Dashe ta kafa doka: ba a buɗe ƙulli na biyu sai an mayar da na farko yadda yake, don kada iri ya cakuɗe. Na ce mata lokaci yana tafiya. Ta ce in tumatir ya shiga cikin barkono, shekara guda za ta yi tana ba masu saye haƙuri.

Abin da muka gani a wannan yammaci ya isa tarihin gida. Katin asibitin haihuwar ɗanta na fari yana riƙe da irin kankana. Takardar sallamar mijinta daga aiki tana riƙe da na albasa. Mai ɗakina ta buɗe wata tsohuwa, ta karanta, ta fashe da dariya, ta miƙo mini. Sakamakon jarrabawar aji shida ne, da sa hannuna a ƙasa, inda na rubuta: "Tana da ƙoƙari, amma idonta kullum yana waje."

"Ai ba ka yi ƙarya ba, Malam," ta ce. "Mayar mini da kuɓewata ciki."

Rana ta faɗi muna gwangwani na goma sha tara. Ranar Alhamis da safe aka tura Auta ya ci gaba da feshi, mu kuma muka koma kan tabarma. Filin motoci yana daina sallama da ƙarfe uku. Sai da ƙarfe ɗaya ta wuce, a gwangwani na ashirin da takwas, na buɗe wani ƙulli mai ninki takwas, baƙaƙen 'ya'yan gwanda suka gangaro, tambarin hukuma ya bayyana. A bayan takardar an rubuta da fensir: gwanda mai zaƙi, ta gidan nas. Mai ɗakina ta goge ta da dutsen guga, amma tabon da irin ya bari bai fita ba.

Jami'in ya karɓe ta da yatsu biyu. Ya ɗaga ta wajen haske, ya juya bayanta ya karanta, har ya kai ta hanci.

"Shekarata talatin a aikin nan. Na ga wadda ɓera ya ci, na ga wadda aka wanke a aljihu. Ban taɓa ganin wadda aka yi noma a cikinta ba."

"Za ta yi, ranka ya daɗe?"

"Tabon ya hau kan lambar jikin mota. Ba zan buga hatimi ba sai na gwada ta da wadda ke jikin ƙarfen. In suka saɓa, sai ki nemo sabuwa, kuma wannan aikin mako biyu ne." Ya zaro makulli daga bango. "Doka ta ce mai mota ya kasance a wurin. Biyo ni."

Ta bi shi, ni kuma na tsaya a bakin waya. Ya buɗe gaban motar, ya goge ƙarfen da tsumma, ya shiga karanta lambobi ɗaya bayan ɗaya, yana duba takarda. Ita ko kallonsa ba ta yi ba. Tana can baya, ta tura hannu cikin ledojin da ruwa bai kai gare su ba, tana taɓa ƙasarsu. Ya maimaita karatun har sau biyu, sannan ya rufe gaban motar.

"Taki ce."

Ta biya kuɗin ajiya, aka buga hatimi, saura minti ashirin a rufe. Da aka miƙo makulli, hannun Auta ya tafi da kansa, bisa sabo. Ta buge shi.

"Kai, bayan mota. Ka rungume su."

Mai ɗakina, wadda ta rako mu, ita ta tuƙa, domin ita ce mai lasin a gidanmu, kuma ba ta taɓa yarda ta yi gaggawa a kan titi ba. Masu keke suna wuce mu, manyan motoci suna danna mana ham, ita kuwa ko a jikinta. Auta yana zaune a baya tsakanin ledoji, ya baza hannaye yana tare su a kowace kwana.

A sabon filin muka sauke su ƙarƙashin inuwa. Mai Dashe ta fito da ƙaramar wuƙarta ta aure, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana ɗan kankare ɓawon kowane a saman ɗaurin. Wanda ta ga kore a ciki, sai ta tura shi dama. Wanda ya bushe, hagu. Da ta gama na ƙirga: ɗari da uku a dama, goma sha bakwai a hagu.

Ta zauna a kan bokiti, ta sauke numfashi, sannan ta yi dariya a karo na farko da ta fito daga cikinta. "Ɗari da uku. Ko Baba guda ɗaya ya bari."

Auta ya matso a hankali. "Yaya, to ni fa? Kotu za ta hana ni tuƙi, na sani."

"Ko kotu ta yafe, ni ban yafe makullin ba. Ranar Litinin zan shiga makarantar koyon mota." Ta nuna masa na hagun. "Zazzage ƙasar waɗannan, ka wanke ledojin. Daga yau ban ruwa aikinka ne, safe da yamma. Rijiya tana can ƙasan gangare."

Ya dubi gangaren, ya dube ta. "Babu famfo a nan?"

"Akwai," ta ce. "Na shekara mai zuwa ne, in ka yi hankali."