Saniyar Habbanaye a Kasuwar Shinkafi

Laifin nawa ne, ba na kowa ba, kuma har gobe wannan Alhamis ba ta fita raina. Ina ba ku labarin ne, ku masu shigowa aikin jarida, don kada ku taka inda na taka.

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara, ni ne wakilin wani gidan rediyo a Kaura Namoda, ina duba har Shinkafi da Zurmi. Aikin wakili shi ne ya ji ta bakin kowane ɓangare, sannan ya karanta wa edita rahoto ta waya. A lokacin labarin sata ya fi kowane tsada, domin duniya ta zuba ido ta ga hannun wa za a yanke.

Ran Alhamis ɗin, ranar kasuwar Shinkafi, na tarar da cincirindo a kara, wurin cinikin shanu. An ɗaure wani makiyayi mai suna Jaɓɓi, mutumin Jangeru. Wani saurayi yana rantsuwa wata saniya da ke cikin shanun Jaɓɓi ta babansa ce, ga shaidar gidansu a cinyarta. Na ga shaidar da idona. Ban ce wa Jaɓɓi uffan ba, na hau mota zuwa Kaura inda waya take.

Edita ya ce, "Ka ji ta bakin mutumin?"

Na ce, "Na ji, ranka ya daɗe." Ƙarya na yi. Da yamma aka watsa sunansa da na garinsu, aka kira shi ɓarawo.

Washegari sai ga Arɗon Jangeru a ƙofar gidana. Ya ce, "Malam, kai anka ce ka yi maganag ga? Ka san habbanaye?"

Ban sani ba. Ashe al'adar Fulani ce: wanda shanunsa suka ƙare, ɗan'uwa ya ara masa saniya, ta haifa masa maruƙa, sannan ya mayar. Saurayin ya daɗe a kudu, bai san babansa ya ara wa Jaɓɓi saniyar ba. Uban kuma ya tafi kiwo cikin Nijar.

Arɗo ya ce, "Alƙali bai zamna ba, kai ka yanke. Yanzu kowa tsoro shikai ya tsaya ma wanda rediyo ta ce ɓarawo na."

Abinci ya gagare ni. In na zo alwala sai in tsaya ina kallon wuyan hannuna. Kullum da safe ina bakin kotu ina addu'ar kada a zauna kafin baban saurayin ya iso. Allah Ya sa ɗan aiken Arɗo ya samo shi, ya zo ya yi bayani, aka sallami Jaɓɓi. Na gaya wa edita gaskiya, aka karanta gyara, aka dakatar da ni. Na cancanta.

Ku riƙe wannan: ganin ido ba ya maye gurbin tambaya, kuma wanda aka ɗaure shi ya fi kowa buƙatar a tambaye shi.

Bayan an sallami Jaɓɓi, na je na iske shi a rugarsa yana tatsar saniyar. Na kasa ɗauke ido daga hannunsa. Na durƙusa na ce, "Baffa, ni ne na kira ka ɓarawo ban tambaye ka ba. Na zalunce ka. Don Allah ka yafe mini."