Babur Kashi Shida

Shekara biyu ko uku kafin Turawa su tattara nasu ya nasu su tafi, ina aikin allurar shanu a ƙasar Sabon Birni, kuma ina da babur. Tsoho ne, na same shi a hannun wani Bature da aka yi wa canjin wurin aiki, hayaƙinsa ma ya fi gudunsa. Duk da haka daga Gatawa har Tsamaye babu rugar da ba ta san ƙararsa ba. Ni kuwa a lokacin kaina ya kumbura. Duk abin da ya gagari mutane, a ganina rashin babur ne ya jawo.

Mahaifina madugu ne a zamaninsa. Ya ja ayari zuwa Maraɗi da Tawa har Agadas, ya hau da hatsi da tufafi, ya sauko da gishiri da dabino, sai da gwiwoyinsa suka ƙi. A shekarun da nake magana, daga zaurensa zuwa masallaci sai ya zauna sau biyu a hanya. Ni nake goya shi a babur ranar Juma'a, yana riƙe da rigata yana mita wai ina gudu kamar wanda ya yi sata. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka bai taɓa kama sunana ba. "Kai wanga" yake ce mini, ko da a gaban matata.

Abu guda ya rage masa a duniya, shi ne aikin hajji. Da aka fara kwasar maniyyata a jirgin sama daga Kano, sai ya ce lokaci ya yi. Wani alhaji da ya dawo a shekarar da ta gabata ya zo gaishe shi, muka zauna a zaure yana ba mu labari. Ya ce ɗawafi ba abin damuwa ba ne, akwai masu ɗaukar tsofaffi a kan makara. Wahalar tana hanyar Arfa. Motoci kan cushe su tsaya cik, kowa ya sauko ya taka da ƙafa, kuma wanda alfijir na ranar Salla ya keto masa bai shiga Arfa ba, ba shi da hajji. Mahaifina ya sa hannu yana shafa gwiwarsa. Ni da bakina na ce ai wannan mai sauƙi ne, da babur za mu tafi.

Na je Ƙaura Namoda wurin wakilin masu jirgi. Ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce babur sukutum ba ya shiga tare da fasinja. Sai an yi masa akwatin katako, a aika shi a jirgin kaya, kuma shi ba zai iya ce mini ga ranar da zai isa Jidda ba, ko kafin mu ko bayanmu. Na dawo na faɗa wa tsoho jikina a sanyaye.

Ya ce, "Ni ban taɓa aika kaya gaba in biyo baya ba. Kowane mutum nawa aka bari nai shi ɗauka?"

Na faɗa masa nauyin da aka yarda wa kowa.

"To mu shida na. Mi za mu ɗauka in ba buzu da buta da riga biyu ba? A kwance abin, a raba."

Haka fatake suke yi da kaya mai nauyi, a rarraba wa raƙuma, kowa ya riƙe nasa amana har zango. Na ji dabarar ta yi mini daɗi ƙwarai, har ina jin haushin ba ni na fara tunaninta ba. Mu shidan kuwa, ni ne da shi da tsofaffi huɗu, duk tsoffin mutanen ayarinsa. Babba a cikinsu wani dattijo ne daga Tozai, wanda ya yi shekara da shekaru yana jan gaban ayari mahaifina yana tsaron baya. Baba na Tozai muke ce masa.

Bayan an gama shuka muka kwance babur a ƙofar gida, ni da maƙerin unguwarmu. Kowace kusa na ƙulle ta a tsumma na rubuta inda ta fito. Baduku ya zo ya naɗe kowane kashi a kirgi ya ɗinke, kamar kayan da za a kai Agadas. Baba na Tozai ya ɗauki tayar gaba, wani ta baya da sarƙa, mutum biyu suka raba ƙarfen jiki da kai, mahaifina ya karɓi tanki da sirdi. Inji kuwa na ce ba mai taɓa shi sai ni. Na tsiyaye fetur daga tanki, amma na bar baƙin mai a cikin inji, don ban ga inda zan samu wani a Makka ba. Ranar tashi tsoho ya tara mu a zaure ya maimaita dokar ayari, wadda kowa a wurin ya sani tun yana saurayi: ba a tashi sai kayan ƙarshe ya hau, kuma ba a barin mutum a baya.

Mota ta kai mu Isa, daga nan Ƙaura, jirgin ƙasa ya kai mu Kano. Kwana uku muka yi a masaukin maniyyata kafin a kira mu filin jirgi. A wurin awo aka ɗora kaya a sikeli ɗaya bayan ɗaya, biyar suka wuce lafiya lau, har ina yi wa Baba na Tozai ƙifce. Da aka zo kan nawa, akawun da ke awo ya sunkuya ya shinshina. Jijjigar hanya ta sa mai ya ɓullo ta ɗinki, kirgin ya yi baƙi a gindi. Ya ce wannan ba zai hau ba sai an farke, an tsiyaye, an wanke tas. Mutum ne mai ladabi, ban manta ba. Ya kuma ce mini, "Malam, ka yi sauri, jirgi ba ya jira."

Na ji shi sarai. Murmushi kawai na yi, don sunayenmu shida a takarda ɗaya suke, kuma ni a duk rayuwata ban taɓa ganin an tashi an bar mutum ba. Motar kasuwar Isa ma takan jira wanda ya shiga masallaci. Na je inda tsoho yake zaune a benci na ce, "Baba, za ni in dawo."

Ya ce, "Tahi, muna nan."

Gareji yana can bayan filin, da ɗan nisa, ga inji a ka. Makanikin ba ya gaggawa, ni ma ban matsa masa ba. Ina tsugune ina riƙe masa kwano na ji wani jirgi ya tashi, har na ɗaga kai na bi shi da kallo ina yaba ikon Allah. Idan na tuna wannan kallon har yau sai in ji kamar in mari kaina.

Da na dawo benci ba kowa. Akawun ya ce an kira su, tsohon ya ƙi tashi, ya ce ɗansa bai dawo ba. An yi juyin duniya ya ƙi. A ƙarshe wani ma'aikaci, don a samu a rabu lafiya, ya ce masa ya hau, jirgi na baya zai kawo ɗan nasa. Na ce to yaushe na bayan zai tashi. Akawun ya dube ni ya kawar da kai. Ya ce babu na baya, wannan shi ne na ƙarshe, an rufe karɓar maniyyata a Jidda sai baɗi.

Kwana huɗu na yi a Kano ina bin ofisoshi da inji a ka, saboda na kasa ajiye shi ko'ina. Na roƙi wanda ya girme ni, na roƙi wanda na haifa. Wani Bature ya saurare ni har ƙarshe, ya ce ya ji tausayina, ya ba ni ruwa na sha. Na je gidan waya in buga saƙo in ce kada a jira ni. Mai rubutu ya ce wa za a ba. Na ce wani tsoho ne mai ciwon gwiwa daga Sabon Birni, yana tare da mutum huɗu. Ya ajiye alƙalaminsa ya ce, "Malam, a wane gida?" Ban san gida ba, ban san sunan mai masauki ba, duk takardun suna aljihun Baba na Tozai. Ban taɓa jin ni ba kowa ba ne kamar ranar. Na fito na zauna a bakin titi na yi kuka, da gemuna da komai.

Na koma gida. Gulbi ya kawo, a kwalekwale na haye da injin a cinya, kuma tun daga bakin ruwa ake tambayata ina tsoho. Na ajiye injin a kusurwar ɗaki, matata ta rufa masa tabarma don ta ga ina yawan kallonsa. Aiki ma sai da aron doki. Fulanin da suka saba jin ƙarata daga nesa suka riƙa tsokanata wai malamin allura ya yi tsufa, ni kuwa ko dariyar ba na iyawa.

Ranar Arfa na yi azumi na zauna a zaurensa. Ba abin da zan iya yi sai duban rana. Da ta take tsaka na ce yanzu suna hanya, da ta karkata na ce yanzu sun isa. Na riƙa lallashin kaina da cewa mutum huɗu ne tare da shi, waɗanda suka ratsa sahara da ƙafa, ko a baya sai su goya shi. Da wannan na rayu har sati biyar.

Labari ya zo cewa alhazai sun iso Isa. Na hau doki na tarye su a tasha. Kayan na fara gani a bayan mota, ƙunshi biyar na kirgi, ɗinkin baduku yana nan ko zare ba a cire ba. Aka sauko da mahaifina, ya rame, hiramin alhazai ma babu a kansa irin na sauran. Mutane suka rufe shi, "Alhaji barka da sauka, Alhaji an dawo lafiya." Ya ɗaga hannu ya ce, "Ku ce ma waɗanga ukku. Ni ba Alhaji ba na."

Baba na Tozai ya ja ni gefe, muka tsuguna a gindin wata bishiyar bedi. Ya ce da suka sauka Jidda tsoho ya ƙi barin masaukin da ke kusa da filin jirgi. Duk jirgin da ya sauka sai ya tura a dubo.

"Munka ce mai an ruhe, yac ce an hwaɗa mai na baya za shi kawo ka. Munka ce mu tahi Makka ka iske mu can, yac ce kai ba ka san gari ba, ba ka da takarda, in ka sabka ba ka ga kowa ba ina za ka. Da kwana yam matso yas sallami ukkun, yac ce su tahi su yi aikinsu. Ni yac ce in bi su, nic ce ban taɓa jan gaba madugu na zaune ba."

Sai ranar Arfa da hantsi ya haƙura. Suka samu mota zuwa Makka, daga nan wata zuwa Arfa, ta shiga cunkoso ta tsaya. Baba na Tozai ya goya shi, shi ma tsoho ne, suka yi ta faɗuwa suna tashi. A bakin hanya alfijir ya same su, suna jin hayaniyar masu dawowa. Daga baya an ɗauke shi ya yi ɗawafi, ya ga Ka'aba da idonsa, amma hajji ya wuce su duka biyu.

Na ce, "Baba, kai ma ka rasa saboda ni."

Ya ce, "Ni ina da ƙahwa, in Allah ya so in koma. Shi ka ji ma."

A gida na durƙusa gaban mahaifina. Na so ya zage ni, ko ya ɗaga sanda, da na ji sauƙi. Sai ya tambaye ni ko injin ya wanku. Na ce ya wanku. Ya ce to a haɗa abin, jibi Juma'a. Muka haɗa ni da maƙeri, ko kusa ɗaya ba ta ɓata ba, bugu biyu ya tashi.

Na ce masa baɗi za mu koma, a akwatin katako zan aika babur tun da wuri, ko in bar babur ɗin a gida in goya tsoho da kaina. Ya ce Allah ya kai mu. Amma gwiwa ta hau zuwa ƙugu, kafin damina ta zagayo ko zaure ba ya fitowa. Ya yi shekara biyu a kwance. Duk baƙon da ya shigo ya ce masa Alhaji, sai ya gyara masa, ko da numfashi yana yi masa wuya. Ran da ya rasu, mai sanarwa ya zo ya tambaye ni yadda za a faɗa, na ce a ce madugu.

Ni na je bayan shekara goma sha huɗu, da jaka ɗaya a hannu, mota ta kai ni har cikin Arfa ban taka ko zira'i ɗari ba. Tun daga lokacin Alhaji ake ce mini a Sabon Birni. Ina amsawa, amma ba da sauri ba.