Kunama a Aji Huɗu

Har gobe ban manta da wata Talata ta farkon damina ba, lokacin ina masinja a wata firamare ta ƙauye kusa da Gwiwa. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku sani masinjan makaranta ba shi da aji. Nasa shi ne kaɗa ƙararrawa, share ofis, kai saƙo da cika randa. Ni kuma a lokacin ma'aikacin wucin gadi ne, wato ba a tabbatar da ni ba. Kalma ɗaya daga bakin hedimasta ta isa ta mayar da ni gona.

A shekarar aka turo mana 'yar bautar ƙasa daga kudu, Malama Bisi. Hausarta ba ta wuce "sannu" ba. Don yara su koya, hedimasta ya kafa doka: in tana darasi ba a yin Hausa, ba mai shiga, kuma duk yaron da zai fita sai ya nemi izini da Turanci. Ya dube ni ya ce, "Sale, har da kai. Na san ka da leƙe-leƙe."

Gaskiyarsa. Ni mutum ne da in na kulle ƙofa sai na dawo na taɓa kwaɗon.

Ran nan hedimasta ya tafi taro sakatariya. Malama tana aji huɗu, tana koya musu yadda ake neman izini da roƙon taimako. Ta faɗa, su amsa: "May I come in? May I go out? Can you help me?" Ina sharar baranda ina bin su a zuci, don ni ma a aji huɗu karatuna ya tsaya.

Da na zo taga sai idona ya faɗa kan Hansatu, 'yar wani makiyayi daga rugar bayan gari. Tana tabarmar baya, bakinta na motsi tare da na sauran, amma ta danƙe ƙafarta da hannu biyu. Gumi na zubo mata, alhali garin da sanyin ruwan jiya.

Na wuce, na ce ba ruwana. Na dawo na sake share inda na share. Wata zuciyar ta ce fitsari ne ya matse ta, Turancin ya gagara. Wata ta ce, in ciwo ne fa? Wata kuma ta ce, in ka shiga aka tarar ba komai, me za ka ce wa hedimasta? Na yi wa yarinyar alama ta taga, ta sunkuyar da kai. Har na ɗauki ƙarfen ƙararrawa zan kaɗa a fita hutun ƙarfe tara kafin lokaci, na tuna wannan laifin ya fi wancan, na ajiye.

Na garzaya aji shida wurin Malam Nura na gaya masa. Ya yi dariya ya ce, "Baba Sale, kai ko kaza ce ta yi tari sai ka nemo likita. Bari a fita tara mana."

Da na koma tagar, bakin Hansatu ya daina motsi. Ta jingina kai da bango.

Na tsaya a ƙofar ajin na ce, "May I come in?"

Malama ta juyo cike da murna, ta sa yara su tafa mini. Ajin ya kaure: "Baba Sale ya yi Turanci!" Ta yi mini nuni da hannu in koma waje in maimaita su ƙara ji. Ban koma ba. Na ratsa yara har baya, na ɗaga gefen tabarmar. Ga kunama baƙa ƙirin, ta ɗaga ƙari. Yara suka watse da ihu, na murƙushe ta da takalmi. Na nuna wa Malama ƙafar yarinyar, na ce, "Can you help me?" Iyakar abin da na samu ke nan.

Ba ta jira komai ba ta sungumi Hansatu. Malam Nura ya fito da gudu ya miƙo makullin babur ɗinsa. Ni na tuƙa, Malama a baya, yarinyar a tsakaninmu, har asibitin Gwiwa. Malamin asibiti ya yi mata allura, ya ce jikin yaro ba ya ɗaukar dafi kamar na babba, gara da muka zo da wuri.

Bayan azahar uban ya iso da sandarsa. Malama na ta kuka, ta sa malamin asibitin ya gaya masa wai dokar Turanci ce ta hana yarinyar magana. Mutumin ya durƙusa ya tambayi 'yarsa, "Kin yi kuka?" Ta girgiza kai. Ya ce, "Madalla." Sannan ya juyo gare mu. "Ku ce wa Malama ta share hawayenta. Ko da Fillanci aka ce ta nemi izini, ba za ta ce tana jin zafi a gaban mutane ba. Haka muke renonsu."

Washegari hedimasta ya kira ni ofis. Ban ko karya ba don fargaba.

Ya ce, "Sale, ka taka doka."

Na ce, "Na taka, ranka ya daɗe."

"Da wane yare ka shiga?"

"Da Turanci, ranka ya daɗe."

Ya kawar da kai yana danne dariya. "To, rabi ka taka. Je ka kaɗa ƙararrawa."

Abin da nake so ku riƙe shi ne, a makaranta yaro mai ihu kowa zai ji shi, har mai wucewa a hanya. Akwai gidajen da ake koya wa yaro ya haɗiye zafinsa, kuma ba zai ɗaga hannu ba ko da wane harshe aka ba shi izini. Irin wannan sai an je an duba shi.