Gadin Ƙofar da Na Yi a Wuse

Shekarar da 'yata ta buɗe shagon buga takardu a Wuse, ni ce mai zaman bakin ƙofa. Kwamfuta ɗaya gare ta, tsohuwa, wadda marigayi mijinta ya bari. Ana nan, ana nan, sai kwamfutar ta tsiro da wani hali. Ana tsaka da aiki fuskarta ta koma shuɗiya, ta ƙame. A kashe, a kunna, ta ɗan taɓa, ta sake ƙamewa. Masu takardu su gaji su tafi.

Ni a sanina, abu ba ya lalacewa sai hannu ya taɓa shi ko ido ya kama shi. Na shiga lura da masu shigowa. Akwai maƙwabciyarmu, 'yar Filato mai sayar da abinci, kullum da hantsi takan shigo ta miƙo mini kunu. Sau biyu tana fita abin na ƙamewa. A na uku na tare ƙofa da ƙafa.

"Mama, lafiya? Kunu zai huce fa."

"Na ƙoshi. Ki riƙa tsayawa daga nan."

Ta dube ni, ta dubi ƙafata, ta juya da kofinta.

Kwana tara ba ta leƙo ba, kwamfutar kuma ba ta fasa ba. Zama ya gagare ni. In ja kujera nan, in mai da ita can. In lulluɓe kwamfutar da gyale, in yaye. In ji ƙarar cokalinta ta bayan bango, in kau da kai.

A rana ta goma mai gyara ya zo, wani dattijo mai furfura. Ya duba, ya ɗaga wata waya a bayan tebur.

"Hajiya, ba ta ƙofa abin yake shigowa ba, ta nan ne. Tsarin da ke cikinta ya tsufa, masu shi sun daina toshe masa ɓaraka. Wani ne daga nesa yake watso gurɓataccen saƙo ta intanet. Ba ya ɗaukar komai. Ita ce ba ta san yadda za ta yi da saƙon ba, sai ta ƙame."

"Ya san mu?"

"Bai ma san da ku ba."

Ya zare wayar, ya ce kada a mayar sai an sa sabon tsari. Har la'asar kwamfutar ba ta yi gardama ba.

'Yata ta ce, "Inna, saura gyaran ƙofar can."

Na tashi, na zauna, na sake tashi. Na zagaya wurin maƙwabciyar, na iske ta tana zuba shinkafa.

"Mama, tsaya daga nan," ta ce, ta nuna dokin ƙofa da ludayi.

Na tsaya. Sai da ta sallami mutum uku, sannan ta turo mini benci da ƙafa. Kunu kuwa, sati guda na yi ina jira kafin ya dawo.