Baƙar Robar Ummukulthum

A kasuwar Makoɗa duk wanda bokitinsa ya tsage ya san inda zai nufa. Malam Ɗanliti yana nan gindin dalbejiya, ƙarafunan liƙi a cikin garwashi, yana narka tsohuwar roba yana toshe ɓaraka. Da wannan sana'a da 'yar gonar gero ya kai 'yarsa Ummukulthum jami'a a Kano, ta karanta kimiyyar sinadarai.

A digiri na biyu ta ɗauki bincike kan ƙara wa roba ƙarfi. Ana cuɗa robar da wani garin kabon mai laushin da ido ba ya ganin ƙwayarsa. Daga ƙasar waje ake sayo shi, kuma ɗan kaɗan sashensu na jami'a ya samu. Da uban ya tambayi mene ne kabon, ta ce masa dangin gawayi ne. Wannan kaɗai ya riƙe.

Gab da damina ta zo da wani baƙin falle na robar da ta haɗa, mai faɗin faranti, ta ɗaure shi a kan rufin ɗakinsa. Ta ce a bar shi ya sha rana da ruwa har kaka, sannan ta auna ko ƙarfinsa ya ragu. A kan wannan awon binciken ya rataya.

Tsakiyar damina tankin feshin maƙwabcinsa Basiru ya tsage, ga tsutsa tana cin wake. Ɗanliti ya liƙe shi da robar da yake da ita, ta ɓalle. A sana'arsa kuwa abin kunya ne maƙwabci ya koma da tsagaggen kaya alhali akwai roba a gida. Ya hau rufi ya yanko gefen fallen. Liƙin ya kama ƙam. Labari ya bazu, masu feshi suka riƙa sallama, shi kuma bai iya cewa babu ba.

Da kaka Ummukulthum ta sauko da abin da bai fi tafin hannu ba.

"Baba, ina sauran?"

"Yana goye a bayan mutane a gona," in ji shi. "Ga gawayi can a buhu, ki dama wani."

Ta ɗan yi dariya, sannan ta zauna a kan turmi.

Garin kabon ya riga ya ƙare a sashensu, ba a kuma sake sayowa ba. Ta jira har lokacinta ya wuce, ta haƙura da digirin. Yanzu tana koyarwa a wata sakandare a Bici.

Ba ta taɓa yi masa maganar ba, shi kuwa ya ce da ma faɗa ta yi. Har yau in ya ga ɗan kasuwa zai shiga Kano, yakan roƙe shi ya tambayo masa inda ake sayar da garin. Babu wanda ya dawo da amsa.